Ƙetare Rubikon: Sharhi a kan Ma'anar Furucin da Fassararsa Zuwa Hausa

1. Gabatarwa

A cikin kowane harshe akwai maganganun da suka daskare, watau waɗanda ba a samun ma'anarsu ta hanyar tattara ma'anar kalmomin da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san "wuce", ya san "gona", ya kuma san "iri", bai zama lalle ya san abin da Bahaushe ke nufi da "wuce gona da iri" ba. Irin waɗannan maganganu su ne suka fi wahalar da mai fassara, domin kalmominsu masu sauƙi ne, sai ya ɗauka ya gane alhali kuwa da sauransa.

Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan ɗaya daga cikinsu, wanda masu Ingilishi ke cewa "to cross the Rubicon", masu Faransanci kuma "franchir le Rubicon". Furuci ne da ke yawan fitowa a jawaban shugabanni da sharhin jaridu, musamman a lokacin rikicin siyasa ko yaƙi, saboda haka ba makawa mai fassara labarai a gidan rediyo, ko mai shirya littattafan karatun manya, ya yi kiciɓis da shi. Ƙamusoshi sukan bayyana shi da cewa ɗaukar matakin da ba a komawa baya daga gare shi. Wannan bayani gaskiya ne, sai dai bai cika ba, kuma giɓin da ya bari shi ne ƙofar da kuskure ke shigowa. Abin da muke so mu nuna shi ne, ƙetarewar da ake nufi a nan shiga ce cikin hatsari da gangan, alhali kalmomin Hausa na ƙetare ruwa sun fi karkata wajen fita daga hatsari. Wanda ya fassara kalma da kalma, yana iya ba mai sauraro kishiyar labarin da aka faɗa.

2. Asalin furucin

Rubikon sunan wata ƴar ƙorama ce a arewa maso gabashin Italiya, wadda ke gangarowa daga tsaunukan Apenin ta faɗa tekun Adiriyatik a arewacin garin Rimini. Ana danganta sunan da kalmar Latin mai ma'anar "ja", saboda launin taɓon da ruwanta ke ɗaukowa. Wajibi ne a riƙe ƙanƙantarta tun daga farko, domin mai sauraro a Yamai, in ya ji an ce "kogi", abin da zai zo masa a rai shi ne kogin Isa da faɗinsa da jiragen ruwansa. Rubikon ba ta kai ko kusa ba. Babu wata jarunta a ratsa ruwanta.

Doka ce ta ba ta muhimmanci. A ƙarni na 1 kafin Miladiyya (K.M.), ita ce iyaka tsakanin ƙasar Italiya kanta da lardin Gal na kusa, wanda ke kudu da tsaunukan Alf. A tsarin Jamhuriyar Rum, hakimin lardi yana da ikon jagorantar mayaƙa ne a cikin lardinsa kaɗai, kuma dokar da Sulla ya kafa wajen shekara ta 81 K.M. ta mai da fita daga lardi da runduna ba tare da izini ba laifin cin amanar ƙasa. Yuliyus Kaisar ya riƙe wannan lardi tun daga shekara ta 58 K.M., daga nan ne kuma ya ci ƙasar Gal ta nesa da yaƙi. Da wa'adinsa ya zo ƙarshe, sai abokan gabansa a majalisar dattawa, tare da goyon bayan Pompe, suka nemi ya sallami mayaƙansa ya komo Rum a matsayin ɗan ƙasa kamar kowa, abin da zai bar shi a hannunsu. Ranar 7 ga Janairu na shekara ta 49 K.M. majalisa ta zartar da dokar ta-ɓaci a kansa, wakilan talakawa biyu da ke mara masa baya, ciki har da Markus Antoniyus, suka gudu daga birnin suka nufi wurinsa. Wajen ranar 10 ga wata, Kaisar ya taso daga Ravenna da runduna ta 13, ya ƙetare ƙoramar, ya kama Ariminum, watau Rimini ta yau. Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin basasa na shekara huɗu: an ci Pompe a Farsalus a shekara ta 48 K.M., aka kashe shi a Masar a wannan shekara, yaƙi kuma bai lafa ba sai a 45 K.M. Shi kansa Kaisar an kashe shi ranar 15 ga Maris na 44 K.M.

Akwai abubuwa uku a wannan tarihi da suka shafi mai nazarin ma'ana. Na farko, a cikin littafin da Kaisar ya rubuta a kan yaƙin basasar, bai ambaci Rubikon ba ko sau ɗaya. Labarinsa ya tashi daga Ravenna ya sauka a Ariminum kamar babu komai a tsakani. Mutumin da ya rubuta littafi don ya wanke kansa ba zai tsaya a kan wurin da ya karya doka ba, kuma wannan shiru da ya yi shaida ce a kan abin da ƙoramar take nufi. Marubutan da suka zo daga baya, musamman Plutark da Suwetoniyus, fiye da shekara 150 bayan faruwar abin, su ne suka ba labarin siffar da aka san shi da ita.

Na biyu, dukansu biyu sun nuna Kaisar ya tsaya a bakin ruwa yana wasi-wasi, yana auna abin da zai jawo wa jama'a, kafin ya furta wata magana da ta shafi jefa ƙwayar caca. Plutark ya ce da Girkanci ya faɗe ta, kuma a wurinsa sigar umarni ce, watau a jefa. A Latin ɗin Suwetoniyus kuwa ta zo mana da sigar labari, watau an riga an jefa. Ko wace aka ɗauka, hoton ɗaya ne: ƙwaya ta bar hannu, ba a mai da ta, ba a kuma san fuskar da za ta faɗi a kai ba.

Na uku, a shekara ta 42 K.M. an haɗe lardin da Italiya, Rubikon ta daina zama iyaka, har sunan ya ɓace daga bakin mutanen wurin. An yi ƙarnoni ana jayayya a kan wace ce ita tsakanin ƙoramu uku, Pisciatello da Fiumicino da Uso, sai a 1933 gwamnatin Musolini ta yanke cewa Fiumicino ce, aka sake mata suna. Furucin kuwa ya shiga Ingilishi tun farkon ƙarni na 17, a lokacin da babu mai iya nuna ƙoramar da yatsa ba tare da gardama ba. Ma'anar ke nan ba ta dogara da ruwan ba.

3. Sharuɗɗan ma'ana

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da sharuɗɗa huɗu waɗanda cikakkiyar ma'anar furucin ta tsayu a kansu.

(a) Akwai mai aikatawa, mutum ko ƙungiya, wanda ya san abin da yake yi, yana kuma da damar ya fasa har zuwa taku na ƙarshe.

(b) Akwai iyaka sananniya, wadda shi da abokan hamayyarsa duk suka san matsayinta, ko ta doka, ko ta alkawari, ko ta al'ada.

(c) Babu komawa, kuma dalilin rashin komawar daga mutane yake. Kaisar yana iya juya dokinsa ya koma ɗaya gaɓar cikin ɗan lokaci kaɗan, amma laifin ya riga ya tabbata, majalisa kuma ba za ta ɗauke shi kamar wanda bai ƙetare ba.

(d) Ba a san sakamako ba tukuna. Ƙetarewar farkon gwagwarmaya ce, nasara ko halaka duk suna gaba.

Bayanin ƙamus da muka ambata ya riƙe sharaɗi na (c) ne kawai, ya ɗan taɓa (a), ya bar (b) da (d). Gaskiya ne (b) ya yi rauni a amfanin yau da kullum. Mai Ingilishi yana iya amfani da furucin ga wanda ya miƙa takardar barin aiki, ko wanda ya sa hannu a yarjejeniyar da za ta ɗaure shi, ba tare da an karya wata doka ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu a Jamus, Heinz Heckhausen da Peter Gollwitzer, a 1987 sun ari sunan Rubikon don su bayyana lokacin da mutum ke barin shawara da zuciyarsa ya shiga ƙudurin aikatawa, iyakar a wurinsu ta koma cikin zuciya. Wannan faɗaɗar ma'ana ce irin wadda kowane harshe ke yi, mai nazarin harshe kuwa ba alƙali ba ne da zai hana ta. Amma akwai bambanci tsakanin ma'anar da ta faɗaɗa da ma'anar da aka juya. Muddin (a) da (c) da (d) suna nan, furucin yana kan hanyarsa. In aka cire (a), ya zama ƙaddara. In aka cire (c), ya zama ƙarin gishiri. In aka cire (d), ya zama labarin nasara, wanda shi ne kuskuren da ya fi muni.

Nahawun furucin ma yana goyon bayan wannan. Aikin na lokaci guda ne, ba a yin sa rabi, ba a kuma maimaita shi a kan al'amari ɗaya. Marubucin da ya ce wata gwamnati ta ƙetare Rubikon a watan jiya, sa'an nan ya ce ta sake ƙetarewa a wannan wata a kan rikici guda, to ɗaya daga cikin maganganunsa biyu ba daidai ba ce.

4. Gwaji biyu daga tarihi

Domin a ga yadda sharuɗɗan ke aiki, bari mu ɗora su a kan al'amura biyu da aka yi amfani da sunan Rubikon a cikinsu tun a lokacin faruwarsu.

Na farko daga Faransa. An zaɓi Luwi Napoliyon Bonapart shugaban ƙasa a Disamba 1848, tsarin mulkin wannan shekara kuwa ya ba shi shekara huɗu ba tare da damar sake tsayawa nan take ba. A Yuli 1851 ya nemi a gyara wannan ƙa'ida, bai samu kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un majalisa da ake bukata ba. Aya ta 68 ta tsarin mulkin ta bayyana cewa shugaban da ya rushe majalisa ya ci amanar ƙasa, kuma da wannan aikin kaɗai ya sauka daga kujerarsa. Duk da haka, a daren 2 ga Disamba 1851 ya rushe majalisa, aka kama manyan ƴan adawa a gidajensu. Kundin da ya ƙunshi takardun shirin an rubuta masa suna Rubikon. A nan sharuɗɗa huɗun sun cika: ya sani, iyakar a rubuce take, ba shi da hanyar komawa kujerarsa ta halal, kuma a wannan dare bai san ko soja da jama'ar Paris za su bi shi ba. Ya yi nasara, ya zama sarki bayan shekara guda, amma nasarar ba ta cikin ma'anar furucin. Da an kama shi da safe, da furucin ya dace da shi daidai wa daida.

Na biyu daga Afirka ta Kudu. Ranar 15 ga Agusta 1985, a taron jam'iyyarsa a Durban, Shugaba P. W. Botha ya yi jawabin da duniya ta zuba wa ido, domin ministansa na harkokin waje ya riga ya sa ƙasashen Yamma sun sa rai za a ji manyan sauye-sauye a tsarin wariyar launin fata. A cikin jawabin Botha ya ce a ranar suna ƙetare Rubikon, babu kuma komawa baya. Amma ya ƙi amincewa da ƙuri'a ɗaya ga kowane mutum a ƙasa guda, ya kuma ƙi sakin Nelson Mandela ba tare da sharaɗi ba. Watau ya ambaci ƙetarewa yana tsaye a gaɓar da yake. Darajar kuɗin ƙasar ta faɗi, gwamnati ta rufe kasuwar hannun jari da ta canji a ƙarshen watan, ranar 1 ga Satumba kuma ta dakatar da biyan wani sashe na basussukanta na waje. Matakin da ya cika sharuɗɗan sai ranar 2 ga Fabrairu 1990 aka ɗauke shi, lokacin da F. W. de Klerk ya ɗage haramcin da aka ɗora wa ANC, aka saki Mandela ranar 11 ga watan. Darasin da ke nan ga mai fassara shi ne, furucin yana iya fitowa daga bakin wanda bai aikata abin da furucin ke nufi ba. A irin wannan hali dole fassara ta nuna cewa iƙirari ne na mai magana, kada ta fito da shi kamar labarin da gidan rediyo ya tabbatar.

5. Maƙwabtan furucin

Akwai maganganu uku da ake yawan cakuɗa su da wannan, kowanne kuwa yana da gurbinsa.

Na farko shi ne wanda Ingilishi ke kira "point of no return", wanda ya fito daga harkar jiragen sama a shekarun 1940: wurin da man da ya rage a jirgi ba zai isa ya mai da shi inda ya taso ba. A nan rashin komawar lissafi ne na mai da nisa, matuƙi ma yana iya wuce wurin bai lura ba. Shi ya sa ya dace da kwararowar hamada, ko cutar da ta ci jiki, ko bashin da ya fi ƙarfin mai shi. Hamada ba ta ƙetare Rubikon, domin ba ta da zaɓi.

Na biyu shi ne ƙona jiragen ruwa, wanda ake dangantawa da Ɗariƙu ɗan Ziyadu a mashigar Andalus a shekara ta 711, ko da yake masana tarihi da yawa suna ɗaukar labarin a matsayin ƙari na baya, da kuma Kortes wanda ya nutsar da jiragensa a gaɓar Meziko a 1519. Mai ƙona jirgi kansa da mutanensa ya toshe wa hanyar gudu don su dage. Mai ƙetare Rubikon kuwa abokan hamayyarsa ne ba za su bar shi ya komo ba.

Na uku shi ne "to cross the line", watau wuce haddi a magana ko a hali. Wannan yana iya faruwa cikin fushi ko rashin sani, ana kuma iya ba da haƙuri a wuce wurin. Shi ne ya yi daidai da "wuce gona da iri".

6. Aikatau na ƙetarewa a Hausa

Hausa tana da aikatau da dama a wannan fage, amma uku ne mai fassara ya fi kai hannu gare su: "haye" da "tsallake" da "ƙetare". Dukansu suna cikin aji na 4 a tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, ajin da ke ƙarewa da wasalin -e, wanda sau da yawa yake nuna cikar aiki. Ta wannan fuska sun dace da furucin, tun da shi ma ba a yin sa rabi. Matsalar tana cikin abin da kowanne ya saba tafiya da shi.

(1) Ya haye gulbi.
(2) Wane ai ya haye.
(3) Ya tsallake rijiya da baya.
(4) Ya tsallake siraɗi.
(5) Ya ƙetare iyaka.

A jimla ta (2), inda babu karɓau, ba wanda zai tambayi wane gulbi. Kowa ya san ana nufin mutumin ya samu, ya fita daga wahala. A (3) ya kuɓuta daga hatsarin da bai ma gani ba. A (4) hoton ya fito daga addini, daga gadar da aka gitta a kan wuta, wanda ya tsallake ta kuwa ya tsira har abada, shi ya sa ake faɗin haka ga wanda ya ci jarrabawa mai tsanani ko ya kuɓuta daga tsigewa. A tunanin Bahaushe hatsarin yana cikin ruwan, ɗaya gaɓar kuma ita ce tudun mun tsira. Wanda ya san yadda Gulbin Maraɗi ke cikowa da damina ya raba ƙauye da kasuwa, ya san inda wannan tunani ya samo tushe. A labarin Kaisar kuwa abin a juye yake: ruwan ba komai ba ne, gaɓar da ya baro ita ce wurin aminci, wadda ya taka ita ce filin daga.

"Ƙetare" ne kaɗai a cikin ukun yake da ɓangaren saɓa wa doka, kamar a "ƙetare iyaka" da "ƙetare haddi". Amma shi ma yana da nasa cikas, domin a labaran duniya "ƙetare iyaka" ya fi nufin iyakar ƙasa ta zahiri, kamar yadda "ƙasashen ƙetare" ke nufin ƙasashen waje.

7. Auna fassarori

Bari mu ɗauki jimla guda ta gwaji a kan abin da ya faru a 1851, watau "Le président a franchi le Rubicon", mu jera hanyoyin da za a iya bi. Alamar tauraro a nan tana nuna kuskuren ma'ana, ba na nahawu ba. Alamar tambaya kuma tana nuna fassarar da ta kama wani sashe ta bar wani.

(6) *Shugaban ya haye kogin Rubikon.
(7) *Shugaban ya tsallake siraɗi.
(8) *Shugaban ya ɗebo ruwan dafa kansa.
(9) ?Shugaban ya wuce gona da iri.
(10) ?Bakin alƙalami ya bushe.
(11) ?Shugaban ya yi ƙundunbala.
(12) Shugaban ya take tsarin mulki yana sane, yanzu kuma ba gudu ba ja da baya.

Jimla ta (6) tana da illa biyu. Wanda bai san tarihin Rum ba zai ɗauka tafiya shugaban ya yi, in kuwa labarin yaƙi ne, zai ɗauka runduna ce ta ratsa wani kogi na gaske. Wanda ya gane cewa adon magana ne, "haye" zai sa shi ya fahimci an yi nasara. Jimla ta (7) ita ce ta fi hatsari, domin Hausa ce mai daɗin ji, mai fassara zai yi murna ya samo takwara daga cikin gida, alhali ta sanar da ƙarshen rikici a ranar da rikicin ya fara. Jimla ta (8) ta yi kuskure ta ɗaya gefen: ta yanke hukunci cewa mutumin ya halaka kansa, abin da furucin bai faɗa ba, Kaisar da Luwi Napoliyon kuwa duk sun ci nasara a karon da suka shiga.

Jimla ta (9) ta riƙe iyaka, ta bar rashin komawa, ta kuma ƙara zargi daga bakin mai fassara. Jimla ta (10), tare da ƴar'uwarta "aikin gama ya gama", ta riƙe rashin komawa sosai, amma ta kawar da mai aikatawa, ta mai da abin hukuncin da aka riga aka rubuta. Jimla ta (11) ta kama ganganci da kasada, ta rasa iyaka. Haka nan karin maganar nan "in ta yi ruwa rijiya, in ba ta yi ba masai" yana nuna rashin sanin sakamako, sai dai mai faɗinsa ba ya tsoron asara, tun da ko ta wace hanya ramin yana da amfani. Kaisar kuwa ransa ya sa a caca. Inda matakin magana ce aka furta, kamar shelar ɓallewa daga wata ƙungiya ko ayyana yaƙi, "magana zarar bunu ce" yana kusa ƙwarai, domin akwai mai zarewa, kuma abin da aka zare ba ya komawa.

Jimla ta (12) ba ta da ƙyalƙyali, amma ita kaɗai ta tara sharuɗɗa huɗun: ta ambaci iyakar da sunanta, ta nuna sani, "ba gudu ba ja da baya" kuma ya haɗa rashin komawa da cewa faɗan yana gaba. Ana iya musanya sashenta na ƙarshe da "ya zaɓi a yi ta ta ƙare", gwargwadon zafin labarin. Abin lura shi ne, babu karin magana guda a cikin waɗanda muka auna da ya ɗauki nauyin duka shi kaɗai, kuma wannan ba naƙasa ba ce ga Hausa. Ingilishi da Faransanci ma ba da kalmominsu suka ɗauki nauyin ba, da labarin da ake koya wa yaransu a makaranta ne. Inda babu labarin, dole jimla ta faɗi abin da labarin ke faɗa.

8. Shawarwari da kammalawa

Bisa ga wannan, muna ba da shawarwari kamar haka.

Ga labaran rediyo da jaridun sababbin masu karatu, a bar sunan Rubikon gaba ɗaya. Mai fassara ya tambayi kansa abu biyu: wace iyaka aka ƙetare, me kuma ya hana komawa? Amsoshin nan biyu su ne fassarar. In ya nemi amsa ya rasa, to marubucin asali ne ya yi ƙarin gishiri, sai a fassara da "ya ɗauki babban mataki" a wuce. In kuma furucin daga bakin ɗan siyasa ya fito, a jingina masa shi da "in ji shi" ko "a cewarsa". Wannan ya fi muhimmanci ga littattafan yaƙi da jahilci, domin wanda bai daɗe da iya karatu ba yakan ba rubutu amanar da ba ya ba maganar baka, ba shi kuma da wani littafi a gefe da zai gwada da shi.

Ga littattafan tarihi da na makarantun sakandare, a riƙe sunan, a rubuta shi Rubikon bisa ƙa'idar rubutunmu, a kira ta ƙorama, a haɗa ta da "ƙetare", kada a haɗa ta da "haye" ko "tsallake". A karon farko da sunan ya fito, a bi shi da jimla guda da ke bayyana cewa iyaka ce da doka ta hana hakimi ya wuce da mayaƙa.

Ga masu shirya ƙamus na Faransanci da Hausa ko na Ingilishi da Hausa, kada a wadatu da takwara guda. Shigarwar ta ƙunshi bayani kamar haka: ɗaukar mataki da gangan, wanda ya saɓa wa wata iyaka sananniya, ba a iya janye shi, ba a kuma san ƙarshensa ba. Sa'an nan a yi gargaɗi a fili cewa ba ya nufin tsira ko nasara.

A ƙarshe, abin da aka gani a nan ya wuce furuci guda. Harsuna biyu suna iya amfani da hoto ɗaya, kamar ruwa da gaɓa, kowanne ya ajiye hatsarin a wuri dabam. Zai yi amfani masu bincike a Maraɗi da Damagaram da Tawa su karanta wa masu sauraro jimloli na (6) zuwa (12), su tambaye su abin da ya sami shugaban, su rubuta amsoshin bisa ga karin harshen kowane yanki. Irin wannan gwaji shi ya kamata a yi wa kowace daskararriyar magana kafin a shigar da ita cikin ƙamus ko littafin karatu.